Motar da Ake Aro a Jikinta

Tun da aka fara ƙera mota, ba a taɓa samun wadda ta shiga gidan Injiniya ta koma masa da ciwon da ta je da shi ba. Shi da kansa yake faɗin haka, hannu a ƙirji, kuma har yau babu wanda ya kawo shaidar da ta ƙaryata shi. Motar da ta je da zafin inji takan dawo da ciwon giya. Wadda ta je da ciwon giya takan dawo a bayan wata motar, ɗaure da igiya, fitilunta a mace. Amma ciwon farko kam, an rabu da shi har abada.

Injiniya bai taɓa zama a ajin da ake koyar da wannan ilimi ba. Sunan ya same shi ne daga wani allo da ya rubuta da hannunsa ya kafa a ƙofar gida, mutane kuma suka ga babu amfanin jayayya da allo. Garejin nasa tsakar gidansa ne. Ya fasa katangar gaba ya sa ƙyauren ƙarfe, motoci suka shigo suka cinye filin har bakin madafa. Matarsa takan ɗaura igiyar shanya daga tagar ɗaki zuwa saman wata tsohuwar mota da mai ita ya daina zuwa. Bahon wankinta ya koma na jiƙa ƙarafa a fetur. Yaransu da dafa taya suka koyi tafiya.

Wannan matar, wadda kowa ke kira Auta, ƙanwar Akawu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Abin da ya kai motar Akawu gidan ke nan, ba allon ba.

Akawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a wani ofis yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka sa wa hannu. Da aka sallame shi, ya tattara kuɗin sallamar ya sayi mota ta hannu, shuɗiya, irin mai dogon bayan nan da ta cika gari, ya shiga kai 'ya'yan maƙwabta makaranta da safe yana ɗauko su da rana. Iyaye na biyansa a ƙarshen wata. Da wannan gidansa ke ci, domin fanshon nasa yakan zo ne sa'ad da ya ga dama, kamar ɗan'uwan da ya yi arziki. Akawu bai taɓa wuce wata mota a hanya ba sai wadda ta lalace. Yaran suna yi masa waƙa cewa kunkuru ya wuce su, shi kuwa yakan ce ai kunkurun bai ɗauko 'ya'yan mutane ba.

Ana gab da dogon hutu motar ta fara zafi. Lagireto ne ke ɗan yoyo, kullum da safe sai ya ɗura mata ruwa da buta. Akwai garejin kirki a bakin babban titi, mai rami da daɓen siminti da ma'aikata masu riga iri ɗaya. Akawu ya tsaya a gabansa. Ya yi tunanin ranar da labari zai kai gidan ƙanwarsa cewa yayanta ya tsallake mijinta ya kai wa bare aiki, ya yi tunanin wadda za a sauke wa fushin, sannan ya sa giya ya wuce.

"Wannan ai ba ciwo ba ne, Yaya, mura ce," in ji Injiniya, ya rufe bonet da tafin hannu. "Je ka huta. Jibi ka zo ka ɗauki amaryarka."

"Ba sauri nake ba," in ji Akawu. "Hutu aka yi. In dai ta tashi kafin a koma makaranta, shi ke nan."

A duk tsawon rayuwarsa bai taɓa furta maganar da ta kai wannan tsada ba.

Da ya koma, ya tarar an ciro lagireton an jingine shi a bangon madafa, wanda alama ce ta aiki. Batir ma babu, an ce yana wajen caji. Zuwa na gaba, madubin gefe ya tafi, famfon mai ya bi shi. Na gaba da shi, tayoyin baya sun tafi, motar na zaune a kan bulo kamar tsohuwar da aka fitar ta sha hantsi aka manta da ita. Duk abin da ya tambaya amsar ɗaya ce: gwaji ake yi da shi, aro ne, yana nan dawowa. Auta takan kawo masa kujera da ruwa, ta tambayi matarsa da yara, ta tsaya daidai inda jikinta zai kare masa ganin motar.

Bai gane tsarin gidan ba sai ranar da ya yi kiciɓis da mai gidan burodi. Wani ƙato ne mai kaurin wuya, motar rabon burodinsa irin ta Akawu ce sak, sai dai ita fara ce. Tun daga bakin ƙyaure ya fara.

"Ina ɓarawon nan? Kai! Fito! Shekaranjiya ka gyara min kuloci, yau birki na zubar da mai kamar famfon da ya fashe! Burodi na can yana hucewa, kai kana nan kana shan shayi!"

"Ranka ya daɗe, da kuloci ta zo," in ji Injiniya cikin natsuwa. "Kulocin ya sake damunka?"

"Kulocin ubanka! Ko ka tashe ta yanzu, ko in dawo da 'yan sanda su kwashe ka, kai da allon naka!"

Injiniya ya ajiye kofi, ya ɗauki sifana biyu, ya shimfiɗa kwali a ƙasa. Amma ba ƙarƙashin farar motar ya shiga ba. Ƙarƙashin ta Akawu ya shige, ƙafafunsa kaɗai a waje. Aka ji ƙarfe na kuka. Can ya fito da wani siririn bututu a hannu yana ɗigar da mai.

"Wannan fa?" in ji Akawu.

"Bututun birkin baya ne. Aro ne, Yaya. Ai taka ba yau za ta fita ba. Kuma abin gida ne."

Yayin da ake ɗaura bututun a farar motar, mai burodi ya zo ya zauna kusa da Akawu a benci, fushinsa ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Ya dubi motar da ke kan bulo, ya dubi mai ita.

"Taka ce wannan? Allah sarki. To ina jin famfon manka ma yana wajena. Mai kyau ne, wallahi, bai taɓa ba ni matsala ba." Ya matso. "Malam, bari in gaya maka gaskiya, don na ga kai mutumin kirki ne. A gidan nan ba layi ake bi ba, murya ake bi. Wanda ya fi ihu ya fita da mota. Wanda ya yi shiru, a kwance tasa a gyara ta mai ihu. Kafin ka zo, ta wani malamin makaranta muke ci. Ga ta can, shanya ake yi a kanta."

"To me ya sa kake dawowa?"

"Araha," in ji mai burodi. "Kuma ni Allah ya ba ni murya."

Hutu ya tsufa. Wata yamma mai shagon yadi ta tare Akawu a ƙofar gidansa. Ita ce ta fara ba shi 'yarta, ita ta tara masa sauran iyayen, ita ce kuma bakinsu. 'Yar tata ce yaran ke kira 'Yar Gaba, don in ta zauna a baya amai take yi, saboda haka kujerar kusa da direba ta zama tata.

"Baba Akawu, na ga ƙofar gidanka wayam. Ina motar?"

"Tana wajen gyara. Ƙaramin abu ne."

"Ƙaramin abu tun farkon hutu? To ni dai ba zan ɓoye maka ba. Akwai wani mai ƙaramar bas da ke ta zarya a shagona, har ragi ya yi mana. Na ce masa muna da namu, dattijo ne, ba ya gudu da yara. Amma ranar da aka koma, in iyaye suka fito ba su ga mota ba, ba ni da bakin tare su. Kuma ka sani, wanda ya shiga bas ɗin nan ba zai fito ba."

Akawu ya shiga shirin ihu. Abu ne da bai taɓa yi ba. A ofis ma in aka taka shi, shi yake ba da haƙuri. Ya gwada kalmomin a banɗaki ƙasa-ƙasa, ya tace su, ya zaɓi waɗanda za su yi zafi ba tare da sun taɓa iyaye ba. Ana jibi komawa makaranta ya shiga gidan ƙanwarsa ko sallama babu.

"Kai, bakanike!" Bai ce Injiniya ba. Muryar ta fito siririya, amma ta fito. "Na kawo maka mota da ƙafarta, ka mayar min da ita kasuwar kayan gyara! Rabin motocin garin nan da hanjin tawa suke yawo! Abincin gidana ne ka ɗora a kan bulo! In gobe ba ta tashi ba, wallahi sai dai a raba mu a ofishin 'yan sanda, in ya so zumuncin ya mutu!"

Auta na bakin madafa riƙe da kofin ruwan da ta ɗebo masa. Ba ta ƙaraso ba, ba ta koma ba.

Injiniya ya miƙe a hankali yana goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa. "A gaban iyalina, Yaya? Ni da ban karɓi ko kwabonka ba? Ni da nake lallaɓa motar nan kamar tawa?" Ya girgiza kai irin na wanda halin duniya ya gama ba shi mamaki. "Ba komai. Gobe da yamma ka zo."

Akawu ya fita, kuma abin kunyar, yana jin daɗi. Ashe sauƙin abin ke nan.

Washegari ya tarar da motarsa tsaye a kan tayoyi huɗu, ko da yake ba duka ne nata ba. An liƙe lagireton an mayar. Batirin na wani ne. Madubin gefe ja ne. A lungun da tasa ta yi hutu kuwa, wata 'yar ƙaramar jar mota ce yanzu ke zaune a kan bulo, ta wata mata mai sanyin magana da ya taɓa gani tana gaida Injiniya har da rusunawa. Akawu ya ga motar, ya kawar da kai.

"Saura abu ɗaya," in ji Injiniya. "Bututun nan naka. Mai burodi ya fita rabo, ba a san lokacin dawowarsa ba. Na jar motar kuma bai shiga ba, na gwada."

"A sayo sabo mana."

"Sababbin nan? Gwangwani ne, Yaya, duk jabu. Ni ba zan sa maka jabu ba. Mai kyan kuma sai an aika an kawo, ka ga makaranta ba za ta jira ba." Ya juya wajen ɗaki. "Auta! Ciro min ƙusar nan da madubinki ke rataye."

Ta sauke madubin ta jingine a ƙasa, ta kawo ƙusar. Ya datse ta, ya gwada kaurinta da ido, ya shige ƙarƙashin motar. Aka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Me ƙusa ke yi a birki?" in ji Akawu.

"Hanyar nake toshewa, kada mai ya zube ta nan," muryar ta fito daga ƙasa. "Tayar baya ɗaya ce kawai za ta huta. Ƙafa huɗu gare ta, uku sun isa su tsayar da ita. Da wani ne mai gudu ba zan yi ba. Amma kai, Yaya? Kai ko da baki ka ce mata tsaya, za ta tsaya. Mako mai zuwa in karɓo naka in mayar."

Akawu ya buɗe baki. Ya tuna ƙaramar bas. Ya rufe.

Aikin birki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Sai wani ya zauna a kujerar direba yana takawa, na ƙasa yana fitar da iskar da ta shiga. Injiniya ba ya ajiye masu koyon aiki, domin a cewarsa sata kawai suke koya, saboda haka takawar ta Auta ce tun tana amarya. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta taɓa matsar da mota daga inda take ba, amma babu motar da ta fita daga gidan nan ba tare da ta taka birkinta ba. Ta cire silifa a bakin ƙofar motar kamar mai shiga ɗakin mutane, ta hau ta zauna a bakin kujera.

"Taka! Taka! Taka! Riƙe!" Aka ji tsartuwar mai a ƙasa. "Saki. Taka kuma. Riƙe!"

"Baban yara," ta ce, "yana nutsewa. In na riƙe sai in ji yana tafiya ƙasa a hankali."

"Ƙafarki ce ke nutsewa. Ke da ko keke ba ki iya ba, yau ke za ki koya min birki? Taka!"

Ta taka. Ta ɗago ido ta dubi yayanta ta gilashin gaba. Akawu ya ji abin da ta faɗa sarai, tsakaninsu bai wuce tsawon bonet ba. Ya sunkuya yana gyara zaman jan madubinsa.

Da ya ja motar zuwa bakin ƙyaure ya taka, ta tsaya. "Ka gani?" in ji Injiniya. Auta ta biyo shi har titi, ta dafa ƙofar motar ta ce, "Yaya." Mijinta na tsaye a bayanta yana goge sifana. Ta cire hannunta. "Ka gaida gida," ta ce.

Aka koma makaranta, iyaye suka fito suka ga mota. Mai shagon yadi ta ce ai ta gaya musu. Mai ƙaramar bas ya wuce fayau, Akawu har ɗaga masa hannu ya yi. Motar ba ta ƙara zafi ba, buta ta huta. Yanzu man birki ne yake ɗurawa kullum da safe, kafin yara su fito su gani. In ya taka takan ɗan karkata gefe, sai ya koyi fara takawa tun daga nesa. Ya koma neman bututunsa, aka ce mai burodi bai leƙo ba, wanda alama ce bututun na aiki. Akawu ya ce to, ya sha ruwan da aka kawo masa.

Kafin a kai makarantar akwai wata gangara da ke ƙarewa a mahaɗar hanya, da kwalbatin siminti a gefe. Ran nan da safe an ɗan yi yayyafi. Yaran baya na waƙar kunkuru. 'Yar Gaba ta ɗora jakarta a cinya tana nuna masa haƙorinta da ke girgiɗi, tana tambayarsa ko shi ma nasa suna fita. A ƙasan gangarar wani mai amalanke ya turo jarkokin ruwa tsakiyar hanya, tayarsa ta maƙale.

Akawu ya taka tun daga nesa, kamar kullum. Birkin ya riƙe kaɗan. Sai ya ji wani ɗan ƙara a ƙasa, bai fi na ɓallewar maɓalli ba, ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu gardama. Ya saki ya sake takawa, ya taka, ya taka, ya riƙe, kamar yadda ya ji ana ba ƙanwarsa umarni. Ya fizgi birkin hannu, ya taso masa sakwaf. Wayar birkin hannun na can jikin wata motar a wani gefen gari, babu wanda ya tuna ya gaya masa. Ya dubi mai amalanke, ya dubi kwalbati, ya zaɓi kwalbati. Kwalbatin na gefen 'Yar Gaba.

Ba gudu yake ba. Kowa ya shaidi haka daga baya, kamar hakan zai rage wani abu. Yaran baya sun sha da ƙujewa da kuka. Gaban motar ne ya shigo ciki ya danne ƙafar yarinyar, sai da aka kawo ƙarafa aka ɓanɓare. Ba ta yi kuka ba sai da aka ciro ta ta ga inda ƙafar ke kallo.

A ofishin 'yan sanda, wani saja mai furfura ya ajiye guntuwar ƙusa a kan tebur tsakaninsa da Akawu. A ƙarƙashin motar ya samo ta, tana lilo a bakin ramin da aka toshe.

"Baba, na daɗe a aikin nan," in ji shi. "Wannan ba aikin mai mota ba ne. Faɗa min gidan da aka yi, yanzun nan in je in ɗauko shi. Ba kai ne na farko ba, mun gaji da su."

Ta taga Akawu na hango Auta tsaye a gindin bishiya, goye da ƙaramin ɗanta, takalmanta ba iri ɗaya ba. Ya yi tunanin Injiniya tsare a bayan kantar 'yan sanda, wanda ba tunani ne marar daɗi ba. Sannan ya yi tunanin tambayoyin da za su biyo baya: kana wurin aka sa? Ka gani? Ka ɗauki 'ya'yan mutane?

"Wani ne a bakin hanya," ya ce. "Ban san shi ba. Ba zan gane wurin ba."

Sajan ya daɗe yana dubansa. "To, kai ne ke nan," ya ce, ya miƙa hannu ya karɓi lasisinsa ya jefa a aljihun tebur tare da ƙusar. Daga baya Akawu ya riƙa gaya wa kansa cewa don Auta ya yi.

Injiniya ne da kansa ya je ya jawo motar zuwa gidansa, saboda zumunci. Da Akawu ya je, ya tarar da shi yana zagaya ta, hannuwa a baya, kamar likitan da aka kira a makare.

"Allah ya tsare gaba, Yaya. Ƙaddara ce."

"Ƙusarka ce."

"Tsaya, tsaya. Mu bi abin a hankali, mu ba yara ba ne. Da me ta zo gidan nan?"

Injiniya ya amsa wa kansa.

"Da zafi ta zo. Tun da ka ɗauke ta, ta yi zafi? Ko sau ɗaya?" Ya nuna lagireton da ya dunƙule kamar takardar da aka murje. "Zo ka duba inda na liƙe. Ko'ina ya fashe, nan kaɗai ne bai fashe ba."

"Yarinyar mutane na can kwance. An ce sai an sa mata ƙarfe a ƙafa, kuma ko an sa ba lalle ta taka daidai ba."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma wa ya zo nan yana ihu a gaban matata, sai gobe, sai gobe? Aikin birki ba ya son gaggawa, kowane bakanike ka tambaya zai gaya maka. Na ɓoye maka ƙusar? A gabanka aka ciro ta daga bango. Ka ce kada a sa?"

Akawu ya lalubi ihun nan na ran nan, bai same shi ba. Guda ɗaya aka ba shi a duniya, ya kuma riga ya kashe shi.

"Bar ta nan," in ji Injiniya, muryarsa ta yi taushi. "Injin lafiyarsa lau, bayan ma ko ƙwarzane babu. In Allah ya hore sai mu tashe ta." Yana maganar idonsa na kan tayoyin. A benci mai jar motar ce zaune, tana murza yatsunta, leɓunanta na motsi kamar mai bitar abin da za ta faɗa. Babu wanda ya kawo wa Akawu ruwa. An ce Auta ta fita.

Daga nan ya wuce asibiti a ƙasa. A hanya ƙaramar bas ta wuce shi cike da yara, wasu suka ɗaga masa hannu, wasu suka sunkuya.

'Yar Gaba na barci, an rufe ƙafar da wani ƙarfe mai kama da kwando don kada zane ya taɓa ta. Haƙorin ya fita. Mai shagon yadi na zaune a gefen gadon. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ni na ce musu dattijo ne," ta ce, idonta na kan 'yarta. Ta gyara mata zane. "An ce ba za a shiga da ita tiyata ba sai an cika kuɗin, kuma likita ya ce ƙafar ba za ta jira ba. Na kwashe abin da ke shagon na kai. Sauran naka ne, Baba Akawu. Ba roƙonka nake ba."

Ya ce haka ne. Ya sauko matakala yana dafa bango. Fansho bai zo ba. Abin da ya mallaka mai daraja yana can tsakar gidan ƙanwarsa ana kallon tayoyinsa. Abin da ya rage masa shi ne harshen ofis, wanda ya sani ciki da bai, irin wanda ake roƙon alfarma da shi a bakin taga. Ya shiga layin biyan kuɗi yana jera kalmomin, duk da ya san amsarsu, don shi ma ya sha ba da ita.

Mutum biyu ne tsakaninsa da tagar lokacin da ya gane bayan matar da ke gaba. Goyon ne ya ja mayafinta ya zame. Kunnuwanta babu komai. 'Yan kunnen zinaren mahaifiyarsu, waɗanda ba ta taɓa cirewa ba tun ranar da aka raba kayan tsohuwar, ko a shekarar da aka yanke musu wuta da ruwa, babu su. Sai ramukan, dogaye, fatar wurin ta fi sauran haske.

"Auta."

Ta juyo. Ba ta yi mamaki ba. A hannunta akwai ƙullin tsumma da 'yar takardar da aka rubuta lambar gadon yarinyar.

"Yaya, kada ka ce komai a nan, mutane na ji." Ta gyara mayafin ya rufe kunnuwan. "Ƙafata ce ta ji birkin nan. Na ji yana nutsewa, na sauko na sa silifata."

"Ni ma na ji ki."

"Na sani."

Na bayansu ya ce a matsa gaba. Suka matsa.

"Ya san kin zo?"

"Kasuwa na ce masa za ni."

"In ya ga kunnenki fa?"

"In ya lura, in ce aro aka yi." Ta jijjiga goyon da ya fara motsi. "Bari in yi sauri. Ya ce kada in daɗe, akwai birkin da za a taka."

Mai karɓar kuɗi ya ƙwanƙwasa gilashi da biro. Ta juya, ta kwance ƙullin da haƙori, ta tura kuɗin ta ramin tagar, ta tsaya tana jira.